Surukaina Sun Hana A Ɗebi Ruwan Bayan Mijina

Assalamu alaikum Likita. Daga Anguwar Rogo a nan Jos nake rubuto maka. Maigidana yau mako uku ke nan yana kwance. Da ciwon kai da zazzaɓin dare ya fara. An gwada jininsa a wani lab na unguwa aka ce maleriya ce da taifot, ya sha magani bai ji sauƙi ba, ya koma aka sake cewa taifot, aka yi masa allurai a kemis. Ciwon kan bai sauka ba, ya rame, abinci sai da lallashi. Shekaranjiya ya fara sambatu, har ya dube ni ya kira ni da sunan ƙanwarsa. Mun kai shi asibiti an ba shi gado, an fara yi masa allura ta jijiya. Likitan ya ce yana zargin sanƙarau, yana so ya ɗebi ruwa a bayansa a gwada. Hajiyarsa ta ce ba da yawunta ba, don ɗan maƙwabciyarta da aka yi wa bai kwana biyu ba ya rasu. Yayansa ya ce allurar tana shanye ƙafafu tana kashe mazakuta, gara ya biya a yi hoton kai da duk wani gwajin jini, ko nawa ne. Ni kuma ni aka miƙo wa takardar sa hannu. In na sa wani abu ya faru, ni za a ɗora wa har abada. Tunda an riga an fara magani, me wannan gwajin zai ƙara? Hoton ba zai wadatar ba? Ka ba ni shawara don Allah.

Wata baiwar Allah, Jos

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah Ya tashi kafaɗunsa, Ya sa kaffara ne.

Gajeriyar amsar na riga na tura miki tun ranar da saƙonki ya shigo, saboda irin wannan ciwo ba ya jiran ranar fitowar fili: muddin likitan da ya duba shi ya ce jikinsa zai ɗauka, a ɗebi ruwan, kada a kai gobe. Yanzu dalilan zan shimfiɗa miki, don ki samu abin da za ki tunkari Hajiya da Yaya da shi, don kuma ba ke kaɗai ce matar da ke tsaye a bakin gadon asibiti da wannan takarda a hannu ba.

Tambayarki ta cewa me gwajin zai ƙara tunda an fara magani, ita ce mafi nauyi. Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, amma abin da ke jawo kumburin ba ɗaya ba ne. Wanda mutanenmu suka fi sani shi ne na hunturu da bazara, wanda yaro zai tashi lafiya lau da safe, kafin dare wuya ya sanƙare, jiki ya yi zafi rau, washegari a ji salati. Ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi, kuma allurar da aka fara wa maigidanki, wadda mai yiwuwa seftiriyazon ce, dominsa ake yin ta. Likitan ya yi daidai da ya fara bai jira gwaji ba, haka ƙa'idar take. Sai dai labarin da kika bayar bai yi kama da wancan ba. Mako uku, zazzaɓin dare, rama, sannan hankali yana gushewa sannu a hankali. Ba a yanke wa mutum cuta daga nesa, amma duk likitan da ya ji wannan labari zai fara kawo tarin fuka a ransa, domin ƙwayarsa ba a huhu kaɗai take tsayawa ba, tana bin jini ta hau kai, wani lokaci mutum ko tari bai taɓa yi ba. Zai kuma tuna da wata ƙwaya dangin funfuna, kiriftokokas, mai kama waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Zai iya zama sanƙarau na bakteriya ne wanda alluran kemis suka ɗan danne ba su kashe ba. Akwai kuma bairas da ke cin naman ƙwaƙwalwar kanta, shi ma da nasa maganin daban.

Seftiriyazon ba ta taɓa ƙwayar tarin fuka. Ba ta taɓa kiriftokokas, ba ta taɓa bairas. Idan ɗaya daga cikinsu ne, to maigidanki yana kwance da ledar ruwa a hannu, kowa yana ganin ana magani, alhali cutar tana cin karenta babu babbaka. Maganin tarin fukan da ya hau kai kusan shekara guda ake sha, ƙwayoyi iri huɗu a watanni biyun farko. Na kiriftokokas kuwa yana da ƙarfi a kan ƙoda, sai ana auna jini ana bi. Babu likitan kirki da zai so ya ɗora wa mutum ɗayansu da ka, kuma babu wanda zai so ya hana shi in shi yake bukata. Abin da zai raba gardamar yana cikin ruwan nan.

Dalili kuwa, Allah Ya sa shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, ba duk abin da ke faruwa a can ciki jini yake bayar da labarinsa ba. Ruwan da ƙwaƙwalwa da laka ke zaune a cikinsa shi ne yake gogayya da ciwon kai tsaye. Wanda yake son sanin abin da ya ɓata ruwan rijiya guga yake zurawa, ba ya tsayawa yana zagaya bakinta.

Da ruwan ya ɗigo, tun kafin ya isa lab ya fara magana. Na mai lafiya garau yake, ba launi. Na sanƙarau na bakteriya sau da yawa gurɓatacce ne, fari-fari. Ƙarfin fitowarsa ma ana aunawa, shi ke nuna ko ruwa ya taru ya matse kai. A lab za a ƙirga fararen ƙwayoyin jinin da ke ciki, waɗanda a lafiyayyen babba ba sa wuce biyar a kowace maikurolita (ma'aunin da bai kai ɗigo ba), amma a sanƙarau na bakteriya sukan kai dubbai. Za a duba wane iri ne suka fi yawa, domin irin da ke taruwa a ciwon bakteriya daban yake da wanda ke taruwa a tarin fuka ko bairas. Za a auna suga. Na cikin ruwan yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na wanda ke cikin jini, in ya faɗi ƙasa sosai akwai abin da ke shan sa, kuma bakteriya da tarin fuka da kiriftokokas suna yin haka, bairas galibi ba ya yi. Shi ya sa za ki ga an soki yatsarsa an auna sugan jini a daidai lokacin, don a kwatanta, ba don ana zargin ciwon suga ba. Za a auna furotin. Sannan a shafa ɗigo a gilashi a rina shi a duba a madubin likita, dabarar da wani likita ɗan Danmak mai suna Gram ya fito da ita tun 1884 kuma har yau babu lab da ya rabu da ita. Duk waɗannan cikin 'yan awoyi suke fitowa.

Saura biyu da nake so ki tabbatar an yi wa maigidanki, ki tambaya da bakinki. Ɗaya GeneXpert, na'urar da ake gwada majina da ita don tarin fuka, ana sa mata ruwan baya kuma aikinta bai fi awa biyu ba. In ta gano ƙwayar, magana ta ƙare. In ba ta gano ba, ba wanke shi ta yi ba, domin ƙwayar tarin fuka kaɗan ce a cikin ruwan kuma takan ɓuya, a nan likita zai haɗa da ƙirgan ƙwayoyi da suga da furotin da hoton ƙirji ya yanke hukunci. Ɗayan kuma gwajin kiriftokokas, ɗan tsinke ne irin na gwajin maleriya, 'yan mintoci yake ɗauka, kuma da wuya ya yi kuskure.

Alluran kemis sun riga sun rage mana wani abu, gara in faɗa miki. Akwai gwajin da ake shuka ruwan a faranti a jira kwana biyu ko uku ƙwayar ta tsiro, a san sunanta, a san maganin da ke kashe ta. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yakan hana ta tsirowa cikin 'yan awoyi da shigarsa jiki, don haka kada ki yi mamaki in aka ce ba a ga komai ba a wannan ɓangaren. Amma ƙirgan ƙwayoyi da suga da furotin ba sa komawa daidai nan da nan, gwajin PCR, mai neman ƙwayoyin halittar cuta, yana gano ɓurɓushin ƙwaya ko ta mutu, tarin fuka da kiriftokokas kuwa suna nan daram. Kowace rana da aka ƙara, wani abu yana daɗa sulluɓewa.

Maganar hoton kai da Yaya ya kawo ba shirme ba ce, kada ki watsar masa da ita a gaban mutane. Hoton CT yana da aikinsa: yana nuna ƙari, ko ƙurji, ko jini, ko kumburin da ya ture ƙwaƙwalwa gefe. Haɗarin gaske na ɗibar ruwan baya a nan yake. Idan akwai abin da ya matse ƙwaƙwalwa ta ɓangare guda aka buɗe wa ruwa hanya ta ƙasa, tana iya zamowa ta danne inda ke riƙe da numfashi. Saboda haka likita ba ya ɗaukar allura sai ya duba: shin mutumin ya yi nisa a suma, shin hannu ko ƙafa ko ɓarin fuska ya saki, shin yana jijjiga, shin ƙwayar idonsa ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, shin jininsa yana daskarewa, shin akwai miki a wurin da za a soka, shin numfashi da bugun jini sun daidaita. In ya ga ɗaya daga cikin alamun matsewar ƙwaƙwalwa, shi da kansa zai ce a fara yin hoto, magani kuma yana ci gaba. Tunda maigidanki yana sambatu, hakkinki ne ki tambayi likitan kai tsaye ko yana bukatar hoto kafin allura. In ya ce eh, kuɗin Yaya sun yi rana. In ya ce a'a, kada a ɓata kwana biyu ana neman motar kai shi hoto. Ko an yi ko ba a yi ba, hoto ba ya faɗin sunan ƙwaya, kuma mai sanƙarau da yawa hotonsa fes yake fitowa.

Batun "duk wani gwajin jini" kuwa, a nan raina yake ɓaci, domin shi ya cinye muku mako uku. Gwajin Widal da ake ce wa mutane taifot da shi tun 1896 yake, kuma ba ƙwayar yake gani ba, martanin jiki yake aunawa. A ƙasa irin tamu yakan nuna a jikin wanda ya yi taifot shekarun baya, da wanda maleriya ke damu, da mai lafiya ƙalau. Maleriya ma, babba yana iya yawo da ita a jini ba ita ce ta kwantar da shi ba. Ciwon kan da ya wuce mako guda bai ji maganin maleriya ba, ba taifot na biyu yake bukata ba, likita yake bukata. Gwajin jinin da zai amfani maigidanki 'yan kaɗan ne: shuka jini don neman ƙwaya, ƙirgan ƙwayoyin jini, suga, aikin ƙoda da hanta, sai gwajin ƙanjamau. Na ƙarshen nan kada ki ɗauke shi zargi. Duk babban da ya zo da irin wannan ciwo ana yi masa, saboda sakamakon yana sauya cutar da za a fi nema da maganin da za a fara, kuma sirri ne da ba a shelanta wa dangi. Haka nan in wani ya kawo muku labarin wani gwaji mai tsada da ke neman ƙwayoyi barkatai a lokaci guda, ku bari likitan ya ce ana bukata tukuna. Shi ma da ruwan bayan ake yin sa, kuma ba ya maye gurbin waɗancan masu arha.

Tsoron shanyewar ƙafa, amsarsa a jikin mutum take. Laka ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba. A babba tana ƙarewa ne can sama, ƙasa kaɗan da haƙarƙarin ƙarshe. Allurar kuwa a daidai ƙugu ake sa ta, inda babu laka, sai siraran jijiyoyi masu yawo cikin ruwa suna kauce wa tsini. Ki tambayi Hajiya mata nawa ta sani da aka yi wa tiyatar haihuwa. Allurar da ake yi musu a baya don kashe zafi, a wannan gurbin dai ake yin ta, sun tashi sun taka, da yawa sun sake haihuwa. Babu ruwanta da mazakuta. Tun 1891 ake wannan aiki. Za a kwantar da shi a gefe ya naɗe gwiwoyi, a wanke wurin, a kashe zafinsa, ruwan ya ɗigo da kansa. Jikin babba yana ɗauke da kimanin mililita 150 na wannan ruwa kuma yana samar da kusan 500 kowace rana. Abin da za a ɗiba bai fi cokalin shayi biyu ko uku ba, cikin awa guda jiki ya mayar. Wasu sukan yi ciwon kai bayan nan, mai tashi in an zauna ya lafa in an kwanta, da ɗan ciwon baya, kwanaki kaɗan su wuce.

Yaron maƙwabciya, Allah Ya jiƙansa. Abin da Hajiya ta gani da idonta ba za ki goge mata shi da lissafi ba. Amma ga yadda abin yake faruwa a asibitocinmu: ana kawo mara lafiya bayan an gama kemis da jiƙe-jiƙe, ciwo ya ci ƙarfinsa, a ɗebi ruwa, ya cika, sai abin ƙarshe da dangi suka gani ya ɗauki laifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum shida da sanƙarau na bakteriya ya kama ɗaya yana rasuwa, cikin biyar kuma ɗaya yana tashi da naƙasa, kurumta ko farfaɗiya ko raunin gaɓa. Shanyewar da Yaya yake tsoro gaskiya ce, cutar ce ke kawo ta.

Kada ki sa hannu a ɓoye, kada kuma ki tsaya musu da Hajiya a bakin gado. Uwa ce, tsoron rasa ɗanta take yi, irin naki. Ki samu likitan ki roƙe shi minti goma ya zauna da Yaya, da Hajiya in za ta yarda, ya nuna musu a bayan Yayan inda laka ta ƙare da inda allura ke shiga. Maza da yawa abin da suka ƙi ji daga bakin matar ƙani sukan karɓa daga bakin likita. In akwai nas a dangi ko malamin da Hajiya ke jin maganarsa, a kira shi a waya yanzu. Ki nemi Yaya ya sa hannunsa kusa da naki. In maigidan ya samu lokacin da hankalinsa ya dawo, a yi masa bayani a gabansu, jikinsa ne, maganarsa ce gaba da ta kowa. Addu'a da tofi a yi su a nan gefen gado, babu mai hanawa, amma kada wani ya fitar da shi daga asibiti da sunan sambatun nan na iska ne. Idan an yi duk wannan yini guda ya wuce ba su sauko ba, likita kuma ya ce ke ce mai sa hannu, shawarata ki sa. Na san abin da nake ɗora miki ba ƙarami ba ne, kuma ba zan ce miki gwajin lamunin warkewa ne ba. Damar samun maganin da ya dace ce, wadda babu ita in ba a yi ba.

In an ɗiba, ki sa ido a kai shi lab nan take. Ba a ajiye shi a aljihu a tafi sallah, ba a sa shi a firji, domin ƙwayoyin da ake son ƙirgawa suna fara fashewa cikin awa ɗaya zuwa biyu, wasu ƙwayoyin cutar kuma sanyi yana kashe su. In asibitin ba su da kayan wani gwajin, su faɗa tun kafin a soka, a shirya mai kai wa babban asibiti irin na koyarwa da ke Lamingo. Galibi sau ɗaya ake yi. Amma in kiriftokokas ne za su so su maimaita, wataƙila fiye da sau biyu, kuma a nan ɗibar ruwan ita kanta magani ce, tana sauke matsin da ke kawo ciwon kai da makanta. Ki sanar da Hajiya wannan tun yanzu don kada ya zo mata a ba-zata.

Sakamakon ba na maigidanki kaɗai ba ne. A ɓarkewar sanƙarau ta 2016 zuwa 2017 da ta faro daga Zamfara ta bazu Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, mutum sama da 14,000 aka yi zargin sun kamu, sama da 1,100 suka rasu, alhali tun 2011 ake yi wa jama'a rigakafi. Ruwan bayan da aka gwada shi ya nuna nau'in C na ƙwayar sanƙarau ne ya shigo, rigakafin da aka yi kuwa na nau'in A ne. A gidanku ma haka ne. In irin ƙwayar waccan ɓarkewar ce, mai yaɗuwa, ke da yara da duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da shi kuna bukatar maganin kariya cikin gaggawa. In tarin fuka ne, sai a duba ku duka, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Kafin a sallame shi ki sa a rubuta miki sunan abin da aka samu da tsawon lokacin shan magani, ki kuma nemi a gwada jinsa kafin wata guda ya cika, ko da ya ce yana ji sarai.